Cin Manomi, Zaman Akawu: Yadda Hawan Jini Ya Biyo Mu Birni

Watannin baya wasu ma'aikatan lafiya suka girke tebur da kujeru a ƙofar ofishinmu a nan Ikko, suna auna jinin jama'a kyauta. Ni dai ba wani ciwo ne ya kai ni ba. Na ga abokan aiki sun yi layi ne na bi sahu, muna raha, kowa yana tsokanar na gabansa. Da layi ya zo kaina, malamar asibitin ta ɗaura mini abin awo a damtse, ta dubi lambar da ta fito, ta ɗago kai ta dube ni, sa'an nan ta ce in huta minti 5 a sake gwadawa. Aka sake, lamba ba ta gusa sosai ba: 148 bisa 94. Ta rubuta a 'yar takarda ta miƙo mini, ta ce in nemi likita cikin makon, kada in yi sakaci. Nan raha ta ƙare. Ban cika shekara 40 ba, ba na shan taba, kaina ba ya ciwo, kuma da an tambaye ni lafiyata da safiyar ran nan, da na ce garau nake.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, mako 3 kafin haka na je gida ganin dangi, ba irin yabon da ban sha ba. Gwaggona ta kama hannuna tana juyawa, tana murna wai birni ya karɓe ni, na yi jiki, har na ajiye tumbi irin na manyan 'yan kasuwa. Kawuna kuwa, wanda ya haura shekara 70, yana gefe yana gyaran ƙotar fartanya, ba wani nama na banza a jikinsa, alhali da hantsin ranar ya taka zuwa gonarsa ta fadama ya komo. A idon mutanen gidanmu ni ne mai lafiya, shi ne abin tausayi. Game da ni dai, abin awo ya ƙaryata su.

Tun daga wannan rana nake bin diddigin al'amarin, kuma abin da na fahimta ba shi da wuyar faɗi. Mu da muka baro ƙauye muka zauna a Ikko, ko Badun, ko Fatakwal, ko Kano da Kaduna da Abuja, mun bar aikin manomi a gida amma mun taho da malmalarsa. Ba mu tsaya nan ba, sai muka ƙara mata sukari da gishiri da mai, muka rage mata ganye da dusa, sa'an nan muka nemi kujera muka zauna.

DIREBA DA KWANDASTA

Wanda ya fara tabbatar da illar zama ta hanyar lissafi wani likita ne a Ingila, Dokta Jeremy Morris. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ciwon zuciya ya yi ta ɗauke magidanta a ƙasar, likitoci kuwa ba su san dalili ba. Morris ya lura da motocin bas na birnin Landan, irin masu hawa 2, sama da ƙasa. Kowace mota tana da ma'aikata 2, direba da kwandasta, duka talakawa ne 'yan aji ɗaya, mota ɗaya suke yini a ciki, iska ɗaya suke shaƙa. Bambancinsu kawai shi ne direba yana zaune kusan duk tsawon aikinsa, kwandasta kuwa yana hawa da sauka a matakala yana yankan tikiti, taki 500 zuwa 750 a kowace rana.

Morris da abokan aikinsa suka duba takardun lafiyar ma'aikata wajen 31,000, suka buga sakamakon a mujallar likitoci ta Lancet a shekarar 1953. Suka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobi, kuma idan ya kama su ya fi saurin kashe su. Da suka juya kan ma'aikatan gidan waya sai suka ga abu ɗaya: masu yawon raba wasiƙu a ƙasa ko a keke sun fi akawuna da masu zaman haɗa tarho tsira. Wasu suka yi gardama cewa ai tun asali masu ƙiba ne ke zaɓen aikin tuƙi. Morris bai yi musu da baki ba, ya nemi awon wandunan yunifom da kamfanin ke raba wa ma'aikata. Gaskiya ne wandunan direbobi sun fi faɗin ƙugu, amma ko da an gwada direba da kwandasta masu ƙugu ɗaya, mutuwar farat ɗaya ta fi yawa ga wanda ke zaune. Shi kansa Morris ya riƙe motsa jiki har tsufansa, ya rasu a 2009 yana da shekara 99.

Mai karatu ba ya bukatar zuwa Landan domin ganin direba da kwandasta. Ya shiga kasuwar Mil 12 da safe ya dubi ɗan dako da kwandon tumatir a ka, sa'an nan ya dubi dillalin da ke kan benci tun asuba har la'asar, ana kawo masa shayi, ana kawo masa shinkafa, ana kawo masa lemon kwalba. Haka mai canji, da tela, da mai kanti, da direban babbar mota da ke kwana 2 a kan sitiyari daga Arewa, da mu 'yan jarida da muke rubuta wa jama'a labarin lafiya muna zaune kamar an dasa mu.

Akwai wani bincike kuma da ya shafe mu kai tsaye. A shekarar 1997 Richard Cooper na Amurka, tare da likitocin Nijeriya da Kamaru da wasu ƙasashe, suka fitar da sakamakon awon jinin baƙaƙen fata fiye da 10,000 a wurare dabam-dabam. A Afirka ta Yamma kashi 16 cikin ɗari ne ke da hawan jini. A tsibiran Karibiyan, irin su Jamaika da Barbados, kashi 26. A Amurka kashi 33. Mutanen nan tushensu ɗaya ne, domin kakannin na Karibiyan da na Amurka galibi daga nan aka kwashe su zamanin cinikin bayi. Abin da ya yi ta hauhawa tare da hawan jinin shi ne nauyin jiki da yawan cin gishiri. To, ƙididdigar masana ta 'yan shekarun nan tana nuna kusan mutum 1 cikin 3 na manyan Nijeriya yana da hawan jini. Watau ba mu ƙetare teku ba, amma mun kamo inda 'yan'uwanmu na Amurka suke a wancan lokaci.

Mene ne hawan jinin kansa? Zuciya famfo ce, jijiyoyi kuwa su ne bututu. Lamba ta sama ita ce ƙarfin turin jini sa'ad da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuwa sa'ad da ta saki. Mai lafiya yakan tsaya kusa da 120 bisa 80. Idan aka auna mutum a ranaku 2 dabam aka sami 140 bisa 90 ko fiye, to, ya shiga sahu. Mugun halin wannan cuta shi ne ba ta sallama. Shekara da shekaru tana cin bututun a ɓoye, har ran da jijiya za ta fashe ko ta toshe a ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye, baki ya karkace. Ko zuciya ta kumbura ta gaza. Ko ƙoda ta mutu a shiga wankin ƙoda, wanda ke cinye gida da gona cikin 'yan watanni. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu hawan jini a duniya ba su san suna da shi ba. Mu kuwa idan magidanci ya yanke jiki ya faɗi a banɗaki, sai a ce iska ce ta buge shi ko jifa aka yi masa, a ɓata kwanakin farko masu tsada ana hayaƙi da shafe-shafe.

ABIN DA YA SAUYA A AKUSHI

Dattawa suna iya tuna lokacin da shinkafa abincin sallah ce, burodi kuwa tsarabar wanda ya dawo daga birni. Arzikin man fetur ne ya juya wannan. Bayan ƙarin albashin Udoji da aka biya a 1975, kuɗi suka shiga hannun ma'aikata, jiragen ruwa suka yi ta sauke shinkafa da alkama da sukari a Apapa, harshenmu kuwa ya saba. Gwamnatin soja ta hana shigo da alkama a 1987, amma a 1992 aka janye hanin, domin burodi ya riga ya zama ɗan gida. Daga baya taliyar leda ta zo ta kama yara.

Ba a ce shinkafa ko burodi guba ba ne. Matsalar ita ce injin da ke sarrafa su yana kwashe dusa kakaf, ya bar farin gari zalla, wanda da ya isa ciki yake narkewa ya zama sukari ya kwarara cikin jini. A dusar nan da ƙwayar tsiron hatsi ne yawancin bitamin da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini suke. Mu ma dai muna surfe tun kaka da kakanni, amma turmi ba ya tsiraita ƙwaya kamar inji. Abin dariya, ko abin kuka, shi ne mafi amfanin hatsin akuya muke ba, mu ci saura. Wani likita Bature, Denis Burkitt, wanda ya daɗe yana aiki a Uganda, ya lura cewa mutanen karkarar Afirka ba safai suke fama da taurin bayan gida da kansar hanji irin na Turawa ba, ya danganta haka da yawan dusa da ganye a cimarsu, ya kuma shafe shekarun 1970 yana yi wa Turawa wa'azin su koma cin dusa. Su suka ji, mu muka bari.

Idan aka dubi tuwon dawa da miyar kuka da daddawa, ko ɗanwake, ko faten tsaki da rama da yakuwa, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, ko fura da nono, za a ga cimar da masana abinci na yau ba za su sami abin gyara da yawa a cikinta ba. Hatsi yana ba da ƙarfi, amma abin gina jikin da ke cikinsa yana da giɓi. Wake da gyaɗa su ne ke cike giɓin, shi ya sa haɗin hatsi da wake yake maye gurbin nama ga wanda ba shi da halin saye. Nijeriya kuwa ita ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, kuma Arewa ce ke noma mafi yawansa. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2023 domin ɗaukaka gero da danginsa, acha kuma ta zama abin marmari a kantunan Turai da Amurka. A gidajenmu na birni kuwa yaro yakan ɓata fuska idan ya ga tuwon dawa, uwarsa ma takan ji kunyar a ce shi ta tuƙa wa baƙo.

Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya ci ganye da 'ya'yan itace aƙalla giram 400 a rana. Kawuna bai taɓa jin wannan lamba ba, amma a hanyarsa ta gona akwai kanya da ɗinya da magarya da goruba, kowanne da lokacinsa, miyarsa kuwa ba ta rabuwa da ganye. Ni kuwa da na lissafa abin da na ci cikin mako guda, in ban da albasar da ke kan tsire da jan miyar da aka soya ta a mai har ta yi baƙi, ban sami abin kirki ba. Ga gwanda da lemo da kankana da gwaiba a bakin titi, kullum ina wuce su.

Sai maganar sukari. A tsaya wurin mai shayi a ƙirga cokalin da yake zubawa a kofi guda, a haɗa da madarar gwangwani mai zaƙi, a haɗa da burodin da shi ma akwai sukari a cikinsa. Ƙa'idar da Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta bayar ita ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin abincin yini, watau kimanin giram 50 ko ƙaramin cokalin shayi 12 ga babban mutum, kuma idan an iya tsayawa a cokali 6 ya fi. Lemon kwalba da dama suna ɗauke da kimanin giram 10 na sukari a kowane mililita 100. Ke nan roba guda mai rabin lita ta cinye rabon yini ɗungurungum, ba a zo kan shayi ba. Gwamnatin Tarayya ta fara karɓar harajin Naira 10 a kan kowace lita ta irin waɗannan abubuwan sha a 2022, amma a ganina Naira 10 ba ta hana kowa komai. Kada kuma mu ɗora wa kamfanoni laifin duka: zoɓo da kunun aya da furar da ake sayarwa yanzu, wasunsu sun fi lemon kwalba zaƙi.

Jiki yana da wani sinadari, insulin, wanda aikinsa shi ne buɗe ƙofa sukari ya fita daga jini ya shiga tsoka a ƙone shi. Kitsen tumbi da rashin motsi suna sa ƙofar ta yi tauri, sukari ya taru a jini, sai a wayi gari da yawan fitsari, da ƙishirwa, da rama ba dalili, da gyambon ƙafa da ba ya warkewa. Wannan shi ne ciwon sukari irin na manya, kuma shi da hawan jini abokan tafiya ne.

Gishiri kuwa shi ne ɓarawon da ke cikin gida. Abin da aka yarda babban mutum ya ci a yini bai kai giram 5 ba, ƙaramin cokalin shayi 1 ke nan, a haɗe da wanda ke cikin duk abin da ya ci. Yawancin mutanen duniya suna cin ninkin haka. A wurinmu ba daga gwangwanin gishiri kaɗai yake zuwa ba. Dunƙulen ɗanɗanon da ake marmasawa a miya kusan rabinsa gishiri ne, kuma uwargida takan jefa 4 ko 5 a tukunya, sa'an nan ta ƙara gishiri a kai. Ga yajin tsire, ga garin ɗanɗanon taliyar leda, ga burodi. Gishiri yana riƙe ruwa a jiki, ruwa ya yi yawa a bututu, famfo ya sha wahala.

Kanwa ma dangin gishiri ce ta wannan fuska, domin sinadarin sodiyam ne a cikinta. A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun rubuta yadda ciwon gazawar zuciya ya yi yawa ƙwarai tsakanin masu jego a ƙasar Zazzau, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa haɗe da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gadon wuta. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilan kuma. Duk da haka, mai jegon da jininta ya hau ba ta da abin da za ta ƙaru da shi a kofin kanwa, kuma ya kamata iyayenmu mata su ji wannan ba tare da ganin an raina al'adarsu ba.

Ba a ce a daina gishiri sam ba. Tun 1993 doka ta tilasta sa sinadarin aidin a gishirin ƙasar nan, shi ne ya rage maƙoƙo, saboda haka ɗan kaɗan ɗin da za a ci ya zama mai aidin. Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta da masoro da kimba da busasshen kifi suna ba miya ɗanɗano tun kafin a san dunƙule. Harshe kuma yakan saba da ƙarancin gishiri cikin 'yan makonni, idan an rage a hankali.

GIDA ƊAYA, CUTA BIYU

Kada mai karatu ya zaci ina cewa zamanin da aljanna ne. Waɗanda suka ga farin 1973 ba za su yarda ba, haka matar da ta yi daka da niƙa da ɗiban ruwa har bayanta ya ranƙwafe ba za ta yi kewar turmi ba. Yunwa ma ba ta tafi ko'ina ba. Babban binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya tarar kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, ba su kai tsawon da ya dace da shekarunsu ba, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya haura rabi. A cikin binciken nan dai aka ga kashi 28 cikin ɗari na mata sun wuce nauyin da ya kamata, kashi 58 kuma suna da ƙarancin jini. Sau da yawa a gida ɗaya ake samun duka: maigida da tumbi, uwargida da jiri, yaro da siraran ƙafafu.

Talauci yana da hannu, musamman da tsadar abincin 'yan shekarun nan, amma rabo ma yana da hannu. A gidaje da yawa tsokar nama ta maigida ce, wanda ya gama girma tuntuni, yaron da ke gina ƙashi da ƙwaƙwalwa kuwa sai romo. Har yanzu akwai masu hana yaro ƙwai wai kada ya yi sata. Likitoci sun nuna kwana 1,000 na farko, daga ɗaukar ciki zuwa cikar yaro shekara 2, su ne ginshiƙi, abin da aka rasa a lokacin da wuya a mayar da shi. Nonon uwa zalla wata 6, sa'an nan kunu mai kauri da aka haɗa da gyaɗa ko waken soya ko garin kifi, da ƙwai, da ɗan manja da ganye. Kuɗin lemon kwalbar maigida na mako guda ya isa ya sayi ƙwan yaron. Mai fama da ƙarancin jini kuma ta sani cewa shayi a kan abinci yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe, lemon zaƙi ko tsamiya ko garin kwalba da nono na kuka kuwa suna taimaka masa.

Akwai wani abu da ba zan iya wucewa ban faɗa ba. Saboda mun ɗauki ƙiba a matsayin kyau da hutu, 'yan mata da amare suna sayen ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe a kemis ba da takardar likita ba. Wasunsu magunguna ne masu ƙarfi irin su dexamethasone, waɗanda aka yi domin asma da wasu manyan cututtuka. Kumburin da suke kawowa ruwa ne da kitse a fuska da ciki, a bayansa kuwa akwai hawan jini da ciwon sukari da raunin ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke farat ɗaya, domin wannan ma haɗari ne; ta je wurin likita ya rage mata a hankali.

TAFIYA A ƘASA

Da aka ce motsa jiki, wasu sai su hango gidan ɗaga ƙarfe da kayan wasanni masu tsada. Abin da Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta nema bai kai haka ba: minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici ga babban mutum, watau minti 30 a rana har kwana 5 shi ne mafi ƙaranci, da ɗan aikin ƙarfafa tsoka kwana 2 a mako. Yara kuwa minti 60 kowace rana. Ma'aunin matsakaici shi ne mutum ya yi sauri har numfashinsa ya ƙaru, yana iya magana amma ba ya iya rera waƙa. Ba dole a yi shi a zama ɗaya ba. Minti 10 da safe, 10 da rana, 10 da yamma duk lissafi ne.

Amfaninsa ba zato ba ne. A Amurka an gwada mutane fiye da 3,000 waɗanda ke bakin kamuwa da ciwon sukari, aka fitar da sakamako a 2002. Waɗanda aka sa su tafiyar minti 150 a mako tare da rage kimanin kashi 7 cikin ɗari na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin ɗari. Waɗanda aka ba ƙwayar magani kuwa kashi 31. Ga mai kilo 90, kashi 7 bai wuce kilo 6 da 'yan kai ba.

Babban cikas a wurinmu ba rashin fili ba ne, idon jama'a ne. A ga Alhaji yana taka ƙasa da sauri, kafin azahar labari ya zaga cewa ya samu karayar arziki, ko kuwa motar ta bashi ce an karɓe. Tafiyar da ba ta kai a ci goro guda ba sai an tari ɗan acaɓa. Makarantu masu zaman kansu da yawa an gina su a gidajen haya ba filin wasa, yaran da iyayensu suka yi langa da kokawa a dandali yanzu suna kwance da waya. Matan da ba sa fita ma ba a bar su a baya ba: tsakar gida ta isa a zagaya ta minti 30, igiyar tsalle ba ta da tsada, kuma maƙwabta 3 ko 4 idan suka haɗu sun fi mutum ɗaya ɗorewa. Wanda ya haura 40 ko yake da ciwon ƙirji ko haki, ya fara ganin likita, ya kuma fara da kaɗan. Barci ma yana cikin lissafi, aƙalla awa 7 ga babba, goro da shayi bayan isha'i kuwa ba sa taimakawa.

Ga wani gwaji da ba ya bukatar sikeli. A sami igiya a auna tsawon mutum daga ƙafa zuwa ka, a yanke, a ninka ta biyu, a zagaya ta a ciki daidai saman cibiya kaɗan. Idan bakin igiyar bai haɗu ba, ƙugu ya wuce rabin tsawo, kitsen ciki ya yi yawa. Awon jini kuwa kusan kowane kemis da ƙaramin asibiti suna yi cikin minti 2. Wanda likita ya ɗora a kan maganin hawan jini ya sani ba irin maganin zazzaɓi ba ne da ake ajiyewa idan an ji sauƙi; jin sauƙin alama ce maganin yana aiki, kuma ruwan zogale ko tafarnuwa ba sa maye gurbinsa.

Ni dai na je wurin likitan kamar yadda aka umarce ni. Ya sake aunawa sau 2 a ranaku dabam, ya duba fitsari da sukari, ya ba ni wata 3 in gyara ci da zama kafin ya yanke shawara kan magani. Yanzu nakan sauka daga bas tasha 2 kafin ofis in ƙarasa a ƙasa, na bar lif na koma matakala, mai shayinmu kuma ya gaji da yi mini dariya ya saba da cokali 1. A gida an koma dunƙule 1 a tukunya, bayan gardamar da ba sai na kawo ta nan ba. Awon makon jiya ya nuna 136 bisa 86, likita ya ce in ci gaba in dawo bayan wata guda. Igiyar tana rataye a bayan ƙofar ɗakina, har yanzu saura kamar yatsa 3 bakinta ya haɗu.